Eks Ɗin da Ba na Sallama Ba

A tashar Gwarzo, cikin motar Kabo da ta ƙi cika, Malam Hambali mai koyar da Turanci yana satar kallon dattijon da ke gefensa. Kaki ne a jikinsa, ya koɗe amma ya sha guga, irin na masu gadin sito. Wata takarda yake ta buɗewa yana ninkewa, leɓɓansa na motsi a kan kalma ɗaya.

Can dai dattijon ya juyo. "Malam, don Allah duba mini. Na san eks: eks-soja, eks-ciyaman, duk wanda aka sallama ne. Ni ma shi ke nan ko?"

Hambali ya karɓa ya fara karantawa. A wannan zamani na tsuke bakin aljihu, dogon Turanci daga ofis bai cika zuwa da alheri ba. Ga shari'ar Musulunci an ƙaddamar a jihar, ga takardar tana maganar buhunan taki da suka ɓace. Ya kai inda yatsan dattijon ya dusashe tawadar: exonerated.

"Baba, wannan eks ɗin daban ne. Cewa suka yi an wanke ka, ba ka da laifi."

Dattijon ya cire hula, ya shafa kansa, ya sauke numfashi mai tsawo. Allah kaɗai ya san kwana nawa ya yi da takardar a aljihu, yana kunyar tambaya a garinsu.

Sai ya zaro biro. "Maimaita mini a hankali in rubuta da ajami. So nake in faɗa wa mai ɗakina Safara'u da bakina. Wata uku ke nan kunya ta hana ta shiga gidan suna."