Jan Naman da Baffa Yake Dirjewa

Ina shekarar farko a makarantar koyon aikin jinya Baffa, yayan mahaifina, ya zo gidanmu a Yalwawa daga ƙauyensu na wajen Taura. Lauje ne ya yanke shi a ƙwauri tun da kaka, ga shi bazara ta shigo ciwon bai rufe ba. Damuwarsa ɗaya ce: in ruwa ya sauka ƙafar tana haka, gonarsa za ta kwana bana, don ba shi da mai yi masa.

Ni nake kai masa ruwan zafi da safe, shi ya sa na ga yadda yake yi. Zai tsoma tsumma ya gasa wurin, ya dirje jan naman nan mai gudaji-gudaji har ya yi jini, ya ɓamɓare abin da ya kama a gefe, sannan ya fasa kafson magani ya barbaɗa garin a kai.

"Mugun nama ne," in ji shi. "In ba a cire shi ba, ciwo ba ya mutuwa."

Kwana uku ina kallo kawai. A gidanmu yarinya ba ta gyara wa babba, ni kuwa ko a aji aka tambaye ni abin da na sani, da ƙyar nake amsawa. Amma ban daɗe da karanta darasin fatar jiki ba. Hawa uku ce: ta sama siririya, ita ke tare datti da ƙwayoyin cuta, ta tsakiya mai hanyoyin jini da jijiyoyin ji da saiwar gashi da mafitar gumi, can ƙasa sai kitse. In ta yanke, jini ya daskare ya toshe, wurin ya kumbura ya yi zafi jiki yana share datti. Daga nan jan nama ya ciko ramin daga ƙasa, sabuwar fata ta rarrafo daga gefe a kansa. Abin da jikin Baffa ya gina jiya, shi yake rushewa yau da hannunsa.

Rana ta huɗu na ajiye butar, na durƙusa, ban tashi ba.

"Baffa, don Allah ka bar min ƙafar nan sati biyu."

"Ikon Allah. Ashe likitar gidan tana magana?"

"Jan naman nan shi ne warakar, Baffa. Kamar mutum ne ya yi shuka, kullum ya tone ya ga ko ta tsiro."

Ya dube ni. "To wane sakarai ne zai yi haka?"

Na sunkuyar da kai. Sai ya yi dariya, ya miƙo ƙafar.

Sai da muka fara zuwa asibiti a adaidaita sahu. Aka gwada jininsa, babu ciwon suga, wata ma'aikaciyar jinya ta nuna min yadda zan wanke wurin a hankali da ruwan gishirin asibiti in rufe da bandeji. Kafin in rufe na ɗora farar leda mai tsabta a kai, na zana iyakar ciwon.

Sati ya cika Baffa ya ce bai ga komai ba, a ba shi kafsonsa. Na sake zanawa, na haɗa ledojin biyu na ɗaga su a hasken ƙofa. Sabon zanen ya shige cikin tsohon da kamar tsawon ƙwayar shinkafa, ta kowane gefe. Na nuna masa farin zare-zaren fatar da ta fara fitowa, na ce ko ƙaiƙayi ya dame shi kada ya taɓa.

"Ke dai kin fi uwarki taurin kai," ya ce, amma ya janye hannunsa.

Sati biyun ya zama biyar. Ruwan farko ya same mu da sauran ciwon kamar farcen babban yatsa, Baffa ya ce ko da rarrafe sai ya tafi. Na ce jibi, in na ga fata ta haɗe. Mahaifina ya zaro min ido, ban janye maganata ba. Baffa ya zauna har ta haɗe, ja-ja, sumul, babu gashi ko ɗaya. Ya tafi a motar safe, ƙasa da sauran danshi, ya yi shukarsa.