Matar da Ba Ta Karɓar "Da Sauƙi"

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi marigayiya a shekarar 1961 a garin da mahaifinta yake sana'ar gyaran agogo, mahaifiyarta kuwa ungozoma ce. Ta tashi tana goyon autansu, wanda tun yana shekara biyar aka lura ba ya iya miƙewa daga ƙasa sai ya dafa gwiwoyinsa. Likitoci suka tabbatar da cewa ciwon lalacewar tsoka ne, na gado, wanda ba shi da magani. Yaron mai kara ne, duk wanda ya ce masa yaya jiki, amsarsa ɗaya ce: da sauƙi. A 1985 numfashinsa ya gaza, ya rasu yana da shekara goma sha tara. Sai daga baya aka gane ya daɗe yana tashi da ciwon kai kowace safiya, alamar raunin numfashi cikin barci. Wannan abu ya tsaya mata a rai har ƙarshen rayuwarta.

Aiki

Ta kammala karatun aikin jinya a 1986, aka tura ta sashen masu irin wannan lalura, inda aka ɗora mata nauyin auna yadda majinyata suke jin rayuwarsu. Nan ta tarar kowa "da sauƙi" yake cewa, har wanda aka shigo da shi ranga-ranga. Sai ta daina tambayar jiki, ta koma tambayar wa ya ɓalle maka riga yau, da hannu nawa ka ɗaga kofi, yaushe rabonka da fita wajen abokai. Majinyata suka laƙaba mata Sarkin Tambaya, wasu ma suna cewa gara allura da zama gabanta.

Aure da iyali

Ta auri wani malamin makaranta a 1988. A 1996 ta ga ɗansu na fari, Magaji, ya dafa gwiwoyi zai tashi. Nan take ta gane ciwon ƙaninta ne. Tsoronta ɗaya ne, kada ya ɓoye mata kamar kawunsa. A 2008, tana gyara masa zama a keken guragu, ya ce mata da sauƙi.

"Ni ba 'yar dubiya ba ce," in ji ta. "Yau da safe kanka ya yi ciwo?"

"Kaɗan, Umma. Ba na son in tayar miki da hankali ne."

A makon aka haɗa shi da na'urar taimakon numfashi.

Rasuwa

Ta yi ritaya a 2019. Allah Ya yi mata rasuwa a 2024 bayan jinyar ciwon zuciya, aka yi mata sutura aka binne ta kusa da ƙaninta. Ta bar miji da 'ya'ya uku: auta, wadda take karatun jinya, da ta tsakiya, malamar makaranta, da Magaji, mai shekara talatin da uku. Allah Ya jiƙanta.