Teburin da na shafe wa Kawu

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, Allah Ya karɓi ran kawuna, ƙanen mahaifiyata, telan da ya shekara arba'in da ɗoriya yana ɗinki a shagon da ke kusa da famfon layinmu. Ina tsakiyar fentin wata kujera aka kira ni a waya. Buroshin ya bushe a hannuna ban sani ba.

Kawu, ka san ni ba mai dogon karatu ba ne, a aji biyar na tsaya. 'Ya'yanka masu ilimi sun rubuta nasu, sun faɗi alherinka da kalmomin da suka fi nawa kyau. Na ɗauki biro ne saboda akwai maganar da na riƙe a cikina wata bakwai, har aka rufe ka ban faɗa maka ba.

Ranar da na bar makaranta kowa a gida sai da ya yi mini faɗa. Kai kuwa kujera ka turo mini a shago, ka ce in kwance maka kan keken ɗinki in goge. Da na mayar, sai ga ƙusa biyu sun yi saura a ƙasa. Ka yi dariya har da share hawaye, ka ce, "Sannu Injiniya, ka rage wa keken nauyi." Sunan nan ya bi ni har yau. Ban taɓa ganin ka zubar da ƙyalle ba. Buhu kake tarawa, in ya cika ka ɗinka matasan kai a kai wa masu jinya a asibiti. Maigadin layinmu kuwa babu rigarsa da ba ta da facinka, in ya tsaya doguwar godiya sai ka ce ya matsa, ya tare maka haske.

A bara da aka kwantar da kai asibiti kwana takwas saboda ciwon suga, ni ka ba makullin shago. Lokacin na ga wani sabon fenti a waya, ana ce masa fentin alli, wanda ke mayar da tsohon katako kamar sabo, ba ƙyalli, ga laushi a hannu. Ban taɓa gwadawa ba. Na dubi teburinka na yanka, wanda ya girme ni, ya yi baƙi ƙirin, bakinsa na gaba duk tsage-tsage daga wannan kusurwa zuwa waccan. Na ce a raina shekaru ne suka cinye shi. Na kwaɓa garin katako da gam na cike tsagogin nan ɗaya bayan ɗaya, na bar su suka bushe, na goge har bakin ya yi sumul. Na shafa fentin sau biyu, ruwan toka mai haske, na bi shi da kakin zuma. Kwana huɗu na yi. A inda na koya ma an ce wannan fentin ba ya bukatar a goge katako. Iyayi ne kawai irin nawa.

Da aka sallame ka, na ja ka zuwa shago ina ta washe baki. Ka ce, "Fentin alli? Shekara arba'in ina riƙe da alli, ashe ni ma mai fenti ne ban sani ba." Aka yi dariya. Sai ka ɗora hannu a bakin teburin, babban yatsanka ya tafi tun daga farko har ƙarshe, ya dawo, ya sake tafiya. Na ga fuskarka ta canza na ɗan lokaci kaɗan. Sannan ka ce, "Allah Ya yi maka albarka, Injiniya. Wannan hannu naka zai ci da kai."

Ni mutum ne mai kallo, Kawu. A satin nan na lura kana kai tef ɗin awo har kan hancinka kafin ka karanta lamba. Na lura ka daina zura zare da kanka, ka ce wai hannunka ke rawa. Sai na tuna yadda kake awo tun shekara biyu da suka wuce: ka shimfiɗa yadi a bakin tebur, yatsanka na tafiya, bakinka na motsi. Ashe tsagogin nan kai ka yi su, kowane inci da tasa, ta rabin yadi ta fi zurfi. Idonka ne ke tafiya, ka ɓoye don kada 'ya'yanka su ce ka rufe shago ka zauna a gida. Da hannuna na cike maka abin da kake gani da shi.

Ka ɓata yadin wani malamin makaranta, ka yanke hannun riga ya gaza. Ina zaune ya ɗaga maka murya, ya ce tsufa ya zo. Ka ba shi haƙuri, ni kuma na sunkuyar da kai. Sati uku ka yi ba ka taɓa almakashi ba, kana cewa baya ke damun ka. Kullum in fito gida da niyyar durƙusawa gabanka, in na iso sai in tarar kana nuna wa wani teburin kana cewa, "Ɗana ne ya yi, karɓi lambarsa." Kujeru da kabad ɗin da nake shafawa yau, duk daga bakinka suka zo. Da na ga ka koma yanka, aikinka na fita daidai, sai na ce wa kaina idon ne ya yi sauƙi. Na san ƙarya nake yi wa kaina.

Shekaranjiya Inna, matarka, ta ce in je in ɗauki teburin, ka bar wasiyya nawa ne. Na kama bakinsa zan ɗaga, sai yatsuna suka ji wani abu ta ƙasa. Na durƙusa na leƙa. Sababbin tsagogi ne a jere, ta cikin da ba a gani, katakon har yanzu fari. Inna ta ce, "Sati ukun nan da ya ce baya, wannan yake yi da reza, ni ke riƙe masa tef ina karanta masa lamba. Na ce ya kankare fentin mana, ya ce a'a, aikin farko ne na ɗan 'yar'uwarsa, in aka taɓa shi zai karaya." Na daɗe a durƙushe a wurin.

Ka yafe mini, Kawu, duk da na ga alama ka riga ka yafe tun ban roƙa ba. Ya Allah, Ka jiƙan bawanka, Ka haskaka masa kabarinsa, Ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, da mahaifiyata da ta rasa ƙaninta, da 'ya'yansa da jikokinsa. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen. Ku kuma 'yan'uwana, yau kun ji dalilin yadin nan da ya ɓaci. Laifina ne, ba tsufan mahaifinku ba.