Agogo Goma Sha Ɗaya a Kan Teburin Inshora

An haifi Mai Agogo ranar tara ga watan Maris, 1958, kuma shi da kansa yakan ƙara da cewa da ƙarfe huɗu saura minti bakwai, ko da yake babu wanda ya riƙe agogo a ɗakin. Shekara arba'in ya yi a wani ɗan shago da ke tsakanin mai ɗinki da mai sayar da magani, tabarau a ido ɗaya, hantsaki a hannu. Abu biyu aka san shi da su: ba ya barin ƙura a cikin agogo, ba kuma ya yarda cewa jikinsa na ciwo. Ko zazzaɓi na kaɗa shi, amsarsa ɗaya ce: “Lafiya ƙalau.”

Wata safiya a shataletale, motar ɗaukar kaya ta daki tsohuwar motarsa ta baya. Ya fito ya zagaya ta sau uku. Da ɗan sanda ya tambaye shi ko ya ji rauni, sai ya ce lafiya ƙalau, a dubi fitilar baya tukuna. Haka aka rubuta.

Takardar neman diyyar motar da ya kai wa kamfanin inshora ta cika shafi shida. Ya haɗa hotuna da kiyasin makanike, ya auna kowane ƙarce da ma'aunin shago, har da wanda mai ɗakinsa ta rantse jikansu ne ya yi shi da cokali bara. Wannan kam, ya cire shi da kansa.

Abin da bai rubuta ba shi ne hannunsa na dama. Tun ranar, wani zogi ke saukowa daga wuyansa zuwa yatsu, kuma da ya ɗauki hantsaki sai yatsun su kama rawa. Masu agogo suna zuwa, yana cewa su dawo jibi. Mai ɗakinsa ce ta gano, ranar da ta kai masa abinci ta tarar da shi a durƙushe yana laluben sukuru a ƙasa.

“Malam, na nawa ke nan ka yar yau?”

“Teburin ne ya karkace.”

“Shekara arba'in yana tsaye, sai da aka buge ka ya karkace?”

Ranar da aka kira shi ya sa hannu a takardar sallama, ta ɗaura mayafi ta bi shi. Jami'ar inshorar, wadda ba ta wuce sa'ar 'yarsu ba, ta yaba wa shafi shidan, ta ce ba ta taɓa ganin motar da aka yi wa jinya irin wannan ba. Sannan ta riƙe alƙalamin, ba ta miƙa masa ba.

“Baba, neman diyya iri biyu ne. Akwai na dukiya, wanda ka gama. Akwai na rauni, shi kuma yana buƙatar rahoton likita, da rasit na magani, da shaidar aikin da raunin ya hana ka. Wannan takarda ta ce ba ka da sauran ƙorafi. In ka sa mata hannu, ka rufe duka biyun. To, yaya jikin?”

“Lafiya ƙalau, 'yata.”

“Ki ba shi alƙalamin,” in ji mai ɗakinsa, “ki ce ya ja layi miƙaƙƙe.”

Bai karɓa ba. Ya dubi bango, ya sanar da jami'ar cewa agogon ofishinsu yana latti da minti uku, ya tashi ya fita.

Kwana biyu bai ta da maganar ba. A na uku ya bi ta wurin likita, wanda ya yi dabarar daina tambayarsa, ya sa shi ɗaukar allura daga kan tebur. Daga nan ya zarce ofishin inshorar da kwali a hammata. Ya buɗe shi, ya jera agogo goma sha ɗaya a gaban jami'ar, kowanne da 'yar takardar ranar da aka kawo shi, babu mai motsi ko ɗaya.

“Ni dai lafiyata ƙalau,” ya ce. “Waɗannan ne ba su da lafiya.”

Jami'ar ta kwafe ranakun ɗaya bayan ɗaya, ta haɗa da rahoton likita, ta buɗe masa fayil na biyu. Shafi ɗaya da rabi ya ci.

Yanzu yana zuwa gashin hannu asibiti sau biyu a mako, inda yake gaya wa ma'aikatan cewa rakiya ya yo. Agogo goman ya mayar wa masu su tare da ban haƙuri. Na sha ɗayan, wanda ya buɗe a safiyar haɗarin, ya hana mai shi ɗauka. Yana nan a kan teburin shago, an kifa masa kofin gilashi saboda ƙura, sukurori huɗu a jere a gefensa, hantsaki a kusa.