'Yan Ɗigo a Lambun Kawu

Kawuna tela ne, har ɗinki ya cinye masa ido. Da zare ya daina shiga masa allura, sai ya koma bayan gidan da yake haya, inda akwai ɗan fili tsakanin katanga da tankin ruwa. Nan ya shuka tumatir da gauta da kokwamba. Mai gidan ya daɗe yana son malale wurin da siminti, amma ya yi alkawarin muddin akwai abin da ke tsiro, ba zai taɓa ba. A kan wannan maganar Kawu yake kwana yake tashi.

Ba ya feshin magani. Dogaronsa wasu ƙananan ƙwari ne jajaye, masu bayan da ke sheƙi da baƙaƙen ɗigo, yana kiransu 'yan ɗigo. Su suke cinye masa darɓa, ƙwarin nan masu tsotse ganye. Ma'aikatana, haka yake ce musu. Ka kuskura ka taka ɗaya a gabansa, ranar za ka san kana da kawu.

Bara darɓa ta yi masa yawa, 'yan ɗigo kuma suka yi ƙaranci. Sai ga shi wata rana ya dawo yana washe baki, da gwangwanin madara a hannu. Wai a jikin wata kabewa da ta fito a juji ya same su cunkus. Na leƙa. Siffar dai ita ce, amma launin kamar tsatsa, babu sheƙi, ɗigon kuma ya yi yawa.

"Kawu, anya waɗannan irin naka ne?"

"Ni ma na ji ɗan gashi-gashi a bayansu," in ji shi. "Bari yayanki ya zo. Ya ce wayarsa ba abin da ba ta ganewa."

Ni wayata ta kira ce kawai. Yayan nawa kuwa, babban ɗan Kawu, mutum ne da ko gaisuwa a tsaye yake yin ta. Da ya zo, Kawu ya ɗora ƙwaro ɗaya a tafi ya miƙa masa a ladabce, kai ka ce shi ne ɗan. Yaya ya ɗaga waya. Ina tsaye a bayansa, saƙo yake karantawa.

"Su ne, Baba. Ƙwaro ai ƙwaro ne."

"Ka duba sosai?"

"Haba Baba, ba ga shi na duba ba?"

Na ce bai duba ba, Kawu ya ce in daina yi wa na gaba da ni rashin kunya. Ya bi shukarsa yana ɗora su a ganye ɗaya bayan ɗaya, yana yi musu sannu da zuwa. Ya yi ta komawa jujin yana ƙarowa.

Ashe masu cin ganye ne. Darɓar ko kallo ba ta ishe su ba. Suka kankare ganyen kokwamba ya koma raga, suka zuba ƙwai, 'ya'yansu suka fi su ci, ɓarnar ta kai har kan gauta. Tumatir kuma darɓa ta ƙarasa shi. Kawu da hannu ya gane: ya shafa ganye, ganyen ya marmashe masa a yatsu. Ban taɓa jin haushin mutum irin wanda na ji na Yaya ranar ba, har yau kuma ban huce ba.

Mai gida bai karya alkawari ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ya zo ya dubi busassun karare ya ce, "Malam tela, ka ga dai ba abin da ke tsiro." Magina suka zo suka malale wurin.

Yanzu a benci Kawu yake wuni, bakin ƙofa. Kwanan baya Yaya ya leƙo, ya zaga inda lambun yake a da, ya buga ƙafa a simintin.

"Ai gara haka, Baba. Ka huta da wahala. Dama ƙwari kawai wurin yake tara maka."

Na buɗe baki ke nan in faɗa masa abin da ƙin dubawarsa ya jawo, Kawu ya lalubo hannuna ya matse.

"Kar ki gaya masa," ya ce a hankali. "Ba zai ji daɗi ba."