Watan da Allah Ya Bar wa Tsofaffi

Shekarun baya, lokacin da yaƙin Turawa ya hana jiragen ruwa zuwa Jidda yadda suka saba, aikin hajji ya riƙa faɗowa a farkon sanyi. Alhazan da suka samu zuwa ba su da yawa, kuma ana saukowa daga Mina suka tattara suka tafi. Suka bar mana Makka kamar gidan da aka gama biki ba a share ba.

Ni a duniya babu abin da na tsana kamar waɗannan watanni na ƙarshen sanyi. Ɗakin da muke ba alhazai haya a rufe, sai warin tabarma. Kaskon da mahaifiyata take soya gyaɗa a kife, don babu mai saye. Sama ta yi toka-toka, ba rana ba ruwa. Iska tana shigowa ta hudojin kwanon da aka yi bangon gidanmu da shi a unguwar Misfala, kowane gida ka wuce tari kake ji. Ga ni budurwa, na gama karatu a wajen malamarmu, ba ni da abin yi sai zama da jin haushi. Kuma ban iya ɓoye haushi ba, har yau ban koya ba.

Kakata kuwa, mahaifiyar Inna, wannan lokacin ne take walwala. Kullum da safe sai ta ja jiki ta zauna bakin ƙofa, ta ɗaga kai sama tana shaƙar iska, tana tari.

Ran nan na ce, "Kaka, me kike leƙe a sama tun safe? Wani ya ce zai sauko miki ne?"

Ta ce, "Baƙo nake jira."

"A wannan mataccen watan? Ko ƙuda ba ya son fitowa."

"To ba ga alheri ɗaya kin faɗa da bakinki ba? Babu ƙuda. Je ki sha ruwan randa ki ji sanyi. Miyar jiya ma ta kwana ba ta yi tsami ba."

Na ce, "Miyar da babu nama a ciki, me zai yi tsami?"

Ta yi dariya har tarin ya sarƙe ta, sai da na bubbuga mata baya.

Wannan tarin shi ne damuwarmu. Tun shigowar sanyi ya kama mata ƙirji, ya kwantar da ita har mun fara cire rai, sannan ya ɗan sassauta. Ana nan sai ƙanwar Inna ta haihu a unguwar Hindawiyya, dole Inna ta je ta zauna mata. Da za ta fita ta tsaya a kaina ta ce, "Ke na bar wa ita. Ƙirjin nan nata, in sanyi ya sake bugunsa, ba za ta tashi ba. Ko dokin ƙofa kada ta tsallaka. Kin ji ni?"

Na ce, "Na ji, Inna."

Kaka tana kwance ta rufe ido, har da ɗan minshari. Na yarda barci take yi. Ni da nake ganin na fi kowa wayo a unguwar.

Washegari bayan azahar hadari ya taso ta bayan duwatsu, baƙi ƙirin. Kaka takan ba mu labari cewa a Kano idan aka ga hadari murna ake yi, a fito da tukwane. Mu a nan ba haka ba ne. Duwatsun Makka ba sa shan ruwa. Duk abin da ya zubo musu sai su tattara shi su turo cikin kwari, ya zama ambaliyar da muke kira sel, ya ratsa gari ya gangaro Misfala, don mu ne a ƙasa. Saboda haka ɗigon farko yana faɗowa kan kwano unguwa ta rikice. Na naɗe tabarmi, na kinkimi buhun dawa, na yi ta jigila zuwa soron maƙwabtanmu masu ginin dutse, ina yi ina zagin watan a zuciyata.

Da na dawo don in ɗauki Kaka, sai na tarar da shimfiɗa babu kowa.

Na tsaya kamar an dasa ni. Takalmanta suna nan. Sandarta tana nan. Abin da babu shi ne ƙunshin da take matashi da shi, wanda ba ta yarda kowa ya taɓa. Na leƙa banɗaki, na leƙa bayan randa, wai ko ta maƙale a can. Na fita waje ina ƙwala mata kira, ruwa yana dukan fuskata.

Maƙwabciyarmu, wadda suka zo ta Sudan, tana tsaye a ƙofarta da jariri a hannu, idonta waje. Ta ce, "Ya binti, 'yata, ke ma taki ta fita? Tawa ma babu ita!"

Surukarta take nufi. Tsohuwar da tun bara ake ɗaukarta a kai ta rana, a ɗauko ta a dawo da ita, wai ƙafa ta mutu.

Na ce, "Wace ƙafa ta fita da ita?"

Ta ce, "Wallahi ban sani ba! Mai ruwa ya ce ya gan su sun nufi Harami. Yalla, ki yi gudu, ni ga yaro!"

Na yi gudu. Kowa yana neman tudu, ni ina kutsawa cikin kwari. Ruwa ya fara gudana a lungu, ja kamar kunun kanwa, yana jan bawon kankana da tsummokara. Wani dattijo ya daka mini tsawa daga taga, wai ina hauka ne. Ban ko waiwaya ba. Maganar Inna ce kawai take yi mini amo a kunne: ba za ta tashi ba.

Na sauka matakalar Harami ina haki. Abin da na fara gani shi ya tsayar da ni. Fili fetal. Tun da na yi wayo, in na zo nan bayan mutane nake gani da kafaɗu da lema. Ran nan kuwa ga Ka'aba tsaye cikin ruwan sama, rigarta ta jiƙe ta ƙara baƙi, masu ɗawafi tsiraru, tattabaru sun lafe a ƙarƙashin rumfuna. Sai ƙarar ruwa.

Can gefe, a cikin Hijiri Isma'ila, inda indararon zinare yake zubo ruwan da ya sauka a kan rufin Ka'aba, na hango ɗan taro. Na matsa kusa. Wallahi sai da na murza idona.

Tsofaffin unguwarmu ne. Duk wata mai tari da 'yarta ta hana ta fita, duk wata mai ciwon gwiwa, duk wata da aka ce ba ta gani sosai, suna nan sun jeru, kowace da farin yadi a hannu. Surukar maƙwabciyarmu tana tsaye a kan ƙafafunta biyu, har tana ture wata da gwiwar hannu. A ƙarƙashin indararon kuwa ga Kaka, ba takalmi, ta ɗaga kai ta buɗe baki, ruwa yana kwarara mata a fuska, ta ware farin alawayyo a kan hannayenta yana shan ruwa.

Na san wannan alawayyon. Duk wanda ya tashi a Makka ya san shi, don mun sha ganin alhazai suna jiƙa irinsa da zamzam suna shanyawa a kan tsakuwar Harami. Likkafani ne. Shekara da shekaru ashe a kansa take ɗora kai.

Na ce, "Kaka! Kashe kanki kika zo yi?"

Ko gezau. Ta ce, "Yauwa, kin zo. Kama mini wancan bakin, kada ya taɓa ƙasa."

"Ba zan kama ba! Kin san abin da Inna ta ce? Har kayan tafiyar kika ɗauko, don a huta da nema?"

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Wannan jikar taki da baki take. Ke 'yar nan, kama mata ta gama, mu ma muna jira."

Na kama, ina kuka ina masifa. Kaka ta juyo, haƙoranta suna kaɗawa, amma fuskarta kamar ta yarinyar da aka saya wa sabon zane. Ta ce, "Ki gaya mini, yaushe kike so in zo? Lokacin hajji, da ƙarti daga ko'ina suke cika wurin nan, kafaɗarsu kamar ta raƙumi? Ko da bazara, da sama take bushe kamar ƙwarya? Da ƙafata na tako daga Kano har bakin teku. Tun kafin a haife ki nake kallon indararon nan daga nesa. Shekarar da aka yi ruwa ina sayar da abinci, shekarar da na samu sarari ba a yi ruwa ba. Wannan watan da kike zagi, shi kaɗai Allah ya bar wa tsofaffi."

Na ƙara damƙe bakin yadin.

Muna cikin haka masu gadin Harami suka fara ihu, "Sel! Sel! Ku fita!" Na waiwaya, na ga jan ruwa yana gangarowa ta matakalar ƙofofin sama, yana malalowa kan tsakuwa. Harami a kwari yake, in ya fara cika ba ya jira. Taron ya watse, aka riƙa kama tsofaffi ana fita da su. Kaka ta yi taku biyu, ƙafar ta ƙi. Ƙarfin da ya kawo ta ya ƙare. Ta durƙushe tana tari.

Na durƙusa na ce ta hau bayana. Ta hau, amma hannunta ba ya iya riƙe wuyana, sai zamewa take. Mayafina ƙarami ne. Na duba hagu na duba dama, babu abin ɗauri sai abu ɗaya. Na fizge alawayyon na yafa mata a baya, na zagayo da shi ƙirjina na ƙulle tamau, yadda ake goyon jariri. Ta cusa sauran ƙunshin nata tsakaninmu.

Gida ba ya komuwa, don can ruwan ya nufa. Na fita ta wajen Safa na kama hawan dutse, ruwa yana dukan ƙwaurina. Abin da ban lura da shi ba, bakin yadin ya rufe mata kai, ƙafafunta suna reto. Sai na ga maza suna darewa suna ba ni hanya, suna salati. Wani har ya cire rawaninsa ya biyo ni yana cewa Allah ya jiƙanta. Ni kuwa ba ni da numfashin yi masa bayani.

Kaka ta raɗa mini a kunne, "Kin ga, har an fara yi mini addu'a kyauta."

Na ce, "Wallahi in kika ƙara magana zan sauke ki."

Wata Balarabiya a wani gida kan tudu ta buɗe mana ƙofa. Da ta ga abin da na goyo sai ta dafe ƙirji ta ce, "Inna lillahi!" Gawa ta yi atishawa ta ce mata salamu alaikum. Matar ta ja da baya har ta taka kaskon garwashi. Da ta dawo hayyacinta, ita ce ta ba Kaka busassun kaya, ta dafa mata shayi da citta, ta zaunar da ita kusa da wuta har ruwa ya janye.

Zazzaɓi ya rufe Kaka tun kafin mu koma gida. Na zauna a kanta ina jin numfashinta yana kuka kamar tsohuwar ƙofa, ina tunanin da wane ido zan kalli Inna. Da hanya ta buɗe Inna ta dawo, labari ya riga ni isa wajenta. Ta shigo ko mayafi ba ta cire ba, ta yo kaina.

"Amanar da na bar miki ke nan?"

Kaka ta ɗaga yatsa daga kwance, ta nuna igiyar tsakar gida. Yadi biyu ne a shanye. Ni kaina ban tsaya tambayar dalilin na biyun ba lokacin da nake shanyawa.

Ta ce, "Rabu da yarinya. Na dama nawa ne. Na hagu naki."

Inna ta tsaya. Ta je wajen igiyar, ta kama bakin yadin ta daɗe tana riƙe da shi. Sannan ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa, "Ya jiƙu sosai?"

"Sharkaf."

Inna ta sa fuskarta a cikin yadin. Ban taɓa ganin ta yi kuka ba sai ran nan.

Na bari aka ɗan natsu, na ce, "To ni ina nawa?"

Kaka ta ce, "Ke da kika zagi watan? Ki jira naki ruwan."

Ta tashi daga wannan ciwon. Inna ta ce zamzam da citta ne, Kaka ta ce ruwan indararo ne, ni na ce taurin kai ne. Ta ƙara wasu shekaru tana zama bakin ƙofa tana tsokanata. Da lokacinta ya yi, a irin wannan watan ta tafi, garin babu baƙi. Aka kai ta Harami ba turereniya ba gaggawa, 'yan unguwa kaɗai suka sallace ta. Ni na miƙa yadin da za a yanka. A gefe ɗaya har lokacin akwai ɗan yagewa, daidai inda na ƙulle shi a ƙirjina.

Ba zan ce yanzu ina son ƙarshen sanyi ba. Har yau sama takan yi toka-toka, kasuwa ta mutu, tari ya cika unguwa, ni kuma in yi ta tsaki. Amma na sayi alawayyona, yana ninke a ƙarƙashin matashina. Bara hadari ya haɗu har na sa mayafi, iska ta kwashe shi ta yi Jidda da shi. Bana ko ɗigo ba a yi ba tukuna. Kullum da safe sai in tsinci kaina a bakin ƙofa, kai a sama, ina shaƙar iska. Jiya Inna ta leƙo ta ce me nake nema.

Na ce mata baƙo nake jira, kuma ya cika nawa.