Hoton Baba a Gindin Dala

Baba bai taɓa kiran sunana ba, don ni ce 'yar fari. Ina ƙarama "ke" nake a bakinsa. Da na gama makarantar koyon jinya na fara sa fararen kaya, sai na koma "Sista", yadda duk unguwarmu ta Makera ke kirana. Na ji daɗin sunan fiye da kima. A lokacin nan ko ciwon kai mutum ya yi a gidanmu sai ya nemi izinina kafin ya kwanta.

Atamfa Baba yake sayarwa, yana sarowa daga masaƙun Kakuri a nan Kaduna, a shekarun da in aka tashi daga aiki kekuna kan cika titi har mota ta rasa wurin bi. Amma kafin atamfa, yana saurayi, ya yi ɗinkin buhu a dalar gyaɗa a Kano, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da haka ba. Ko tsibin albasa ya gani a kasuwa sai ya tsaya ya ce ba a iya jeri ba. Wani malami ya taɓa faɗa a wurin tafsiri cewa a ƙasar Masar akwai dala ta dutse tun zamanin Fir'auna, wadda ta gyaɗa ko ƙugunta ba ta kai ba. Baba bai ƙaryata malami ba, bai kuma yarda ba. Ya ce shi dai sai ya gani da idonsa.

Idon ne ya fara tafiya. Na hagu ya mutu a hankali ba tare da ya gaya wa kowa ba, sai da muka lura yana karo da ƙyauren zaure. Na dama kuma yanar ido ta fara rufe shi. A farkon shekarun tamanin likitocin da muka gani suka ce aikin mai wuya ne, in da hali a fita da shi waje. 'Yan'uwa suka taru suka zaɓi Alƙahira ta ƙasar Masar, suka kuma zaɓe ni mai jinya, tunda ni ce na san allura. Kowa a gidan yana addu'ar a dace, Baba kuwa ɗinki ya bayar, farar babbar riga, ya kuma sa ƙanena ya aro masa kyamara a wurin wani abokinsa.

Washegarin saukarmu, ina fitowa daga wanka na tarar da shi zaune a bakin gado cikin sabuwar rigar, ya kafa hula, kyamara a cinya.

"Sista, nemo mana mota. Mu je mu gaida mutanen nan."

Dalar Fir'auna yake nufi. Har yau nakan tuna irin muryar da na amsa masa da ita, muryar da nake yi wa marasa lafiyar da suka ƙi shan magani. Na ce rana ta yi zafi, ga yashi, ga maganin da ake ɗiga masa. Na ce, "Baba, da wannan idon me za ka gani? Bari a wanke maka shi tukuna, ka gan ta tas, har ka ƙirga duwatsun." Likita bai hana shi fita ba. Ni ce na hana, don ina so a ce 'yarsa ta san aikinta. Kuma a lokacin yana gani daidai gwargwado. In an kawo masa atamfa kusa da fuska yakan faɗi launinta, yakan gane mota in ta tsaya a gabansa. Abu mai girman dala ba zai ɓace masa ba.

Ya cire hular ya ɗora a gwiwa, ya ce, "To, Sista."

Aka yi aikin. Likitan ya kira ni gefe ya yi mini bayanin jinin da ya ɓalle a cikin idon, ni kuwa na yi ta gyaɗa kai kamar muna zancen uban wani. Ranar da aka kwance bandejin, Baba ya juya kansa dama da hagu, ya ce in buɗe taga. Tagar a buɗe take, rana har kan gadonsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bai yi ƙorafi ba. Mai shi ya karɓi abinsa, iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na so ya yi faɗa, ya jefe ni da kofi, ya ce ke da iyayinki. Sai dai in ba shi abinci ya ce an gode, in kai shi banɗaki ya ce sannu da ƙoƙari. Kowace sannu sai na ji ta kamar mari.

Daren da za mu kwana mu taso, bayan sallar isha'i, ya ce in miƙo masa hularsa.

"Baba, dare ya yi."

"Ni yanzu ina ruwana da dare? Nemo mota."

Wannan karon ban yi musu ba. Mai masaukinmu ya samo mana wani tsohon direban tasi. Baba ya yi ta yi masa Larabcin allo a hanya, mutumin yana dariya har yana dukan sitiyari. Ya bi da mu ta bayan wasu gidaje masu warin dawaki, ya yi magana da wani mai gadi, sannan ya nuna mana hanya da hannu. Na riƙe Baba muka shiga yashi, takalminsa yana nutsewa.

Wata ya cika a daren, farinsa ya kwanta ko'ina har ina ganin inuwarmu. Muna zagaye wata katanga sai ga ta. Ban san yadda zan faɗa ba, tun a ran nan ma ban sani ba. Gefe ɗaya fari sol kamar an yayyafa masa gari, ɗaya gefen baƙi ƙirin, tsininta can sama a tsakiyar taurari. Ba motsin komai sai haushin kare daga nesa. Na manta da asibiti, na manta da abin da zan gaya wa Inna in mun koma. Daɗi na ji, tsantsar daɗi, irin wanda ban taɓa ji ba. Da hankalina ya dawo na ga ashe na saki Baba na yi gaba. Yana tsaye inda na bar shi, hannunsa a miƙe.

Na dawo da gudu ina ba shi haƙuri. Ya ce, "Kalli abinki, ai ba inda za ni."

Na kai shi har gindinta na ɗora tafinsa a kan dutsen. Ya shafa, ya bi gefensa da yatsa har ya sami inda ya haɗu da na kusa da shi, ya miƙa hannu sama ya laluba na bisa. Ya daɗe yana wannan. Daga nan ya ce, "Waɗannan sun iya jeri." Ya tambaye ni samanta fa, yaya take. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne tana da tsawo. Duk karatuna iyakar abin da na iya ba shi ke nan.

Ya ce a ɗauki hoto. Ya gyara rigarsa, ya saɓa hannuwanta a kafaɗa, ya tsaya ƙyam yana fuskantar wani wajen. Na kama kafaɗunsa na juyo da shi, na ja da baya yadda dalar za ta shiga duka, na danna. Wutar kyamarar ta haska shi, ko ƙiftawa bai yi ba.

Mun dawo Kaduna gida ya cika da 'yan sannu da zuwa. Mata suna shiga wurin Inna su yi kuka a ɓoye, maza suna zama a zaure su yi ta cewa ai lafiyar jiki ita ce babba. Baba kuwa zancensa ɗaya, a kai fim wanki. Na kai wa wani mai hoto a Kakuri. Da na koma karɓa, ya miƙo mini yana sosa ƙeya. Ya ce wutar irin wannan kyamara ba ta wuce tsawon ɗaki, farin wata kuma ba ya kama fim sai an san dabararsa. A hoton ga Baba nan fes, rigarsa har tana ɗaukar ido. Bayansa babu komai, baƙi ne kawai daga sama har ƙasa.

Na yi ta yawo da hoton a jaka, har na wuce gida na kai unguwar Nasarawa na dawo. Ina shiga zaure ya gane takuna.

"Ta fito?"

Na ce, "Ta fito, Baba."

Inna tana tsaye a bakin ƙofar cikin gida. Ta karɓa ta duba, ta ɗago ta dube ni, ta sake duban hoton. Sannan ta ce, "Masha Allahu. Alhaji, ashe haka take da girma." Shi ke nan, ta yanke mana hanyar da za mu bi.

Ya sa aka yi wa hoton gilashi, ya ajiye shi kusa da buzunsa. Duk wanda ya zo dubiya, kafin a kawo masa ruwa an miƙa masa. Mutanenmu kuwa wurin kara ba a barinsu a baya. Mutum zai karɓa, ya yi ɗan jim, ya dubi na kusa da shi, sai ka ji ya ce, "Kai, Allah mai iko!" Wani dillalin atamfa ya ce lallai Fir'auna ya sha wahalar banza. Wani maƙwabcinmu da ya fi kowa zaƙewa har raƙumi ya gani a gefe. Ba wanda ya haɗa baki da wani, kowa da kansa ya gane abin da ya kamata. Baba yana ta murmushi yana cewa, "Ku duba jerin da kyau, ba siminti fa." Ni kuwa in na kawo abinci na ji ana wannan, sai in ajiye in fita da sauri. Na hana shi gani, yanzu kuma na sa unguwa guda tana yi masa ƙarya.

Akwai wani aminin Baba tun suna samari, mutumin kudancin Kaduna, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ke zaune a unguwar Talbijin. Mu dai Baban Talbijin muke ce masa. Duk Lahadi in an tashi daga coci yakan hau kekensa ya zo su yi ta gardama har la'asar. Mutumin kirki ne na ƙarshe, amma abin da ke cikinsa shi ke bakinsa. Lokacin da muka dawo yana ƙauyensu wurin makoki, sai da aka kwana biyu ya zo.

Na ji ƙarar kekensa ina tsakar gida, na fito da sauri ko zan tare shi a waje. Kafin in kai ya riga ya shiga, ya rungume Baba yana cewa, "Sori, Alhaji, sori." Akwai mutum uku ko huɗu a zauren. Baba ya laluba gefen buzu ya miƙa masa hoton.

"Kai da kake cewa ba zan je ba. To, ga ni ga ta."

Na tsaya a bakin ƙofa ina yi masa alama da ido, ina girgiza kai. Ko kallona bai yi ba. Ya ciro tabarau ya sa, ya kai hoton kusa, ya kai nesa. Ya tashi ya fita da shi hasken rana, ya dawo.

"Alhaji, ina dalan yake? Ni dai kai kaɗai na gani. Bayanka duhu ne kawai, ko dutse ɗaya babu. Ko ba wannan foto ba ne?"

Maƙwabcin nan mai raƙumi ya sunkuyar da kai yana wasa da carbinsa. Ni kuwa ina nan tsaye a bakin ƙofa.

Baba ya miƙa hannu aka sa masa hoton. Ya ɗora shi a cinya yana shafa gilashin da babban yatsa. Na jira ya tambayi dalilin da ya sa muka yi masa haka, ni da Inna da duk waɗannan dattawan. Bai tambaya ba. Wata 'yar dariya ya yi ta hanci.

"To ai hoton bai yi ƙarya ba," in ji shi. "Abin da na gani ke nan."

Baban Talbijin ya dubi mutane, ya dube ni, sai a lokacin ya gane. Ya cire tabaransa ya zauna a hankali.

Baba ya juyo da fuskarsa wajen ƙofa, daidai inda nake, ko da yake ban yi motsi ba. Babu faɗa a muryarsa, a hankali ya yi maganar, kamar mai tuna wa kansa wani abu.

"Sista, da mun je ran nan da safe."

Na ce, "Haka ne, Baba."

"Kawo wa baƙo ruwa."

Na shiga ciki na buɗe randa. Na daɗe tsaye da moɗa a hannu, har sai da Inna ta zo ta karɓa ta kai musu da kanta.